Allo da Tawada: Yadda Mutanen Ƙasar Gumel Suka Yi Jinyar Damuwa

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa har Maigatari da Sule Tankarkar, ya san ƙasa ce ta jigawa wadda ruwan samanta ba shi da alkawari, tarihinta kuma bai cika barin talaka ya yi barci da ido biyu rufe ba. Mangawa ne suka kafa masarautar wajen shekarar 1750, tana biyayya ga Barno; aka taso da fada daga Tumbi zuwa Gumel a 1845, aka sha gwagwarmaya da Haɗeja da Damagaram, har Turawa suka iso a 1903. Yaƙi ya ƙare, sai yunwar 1914 ta biyo. Jirgin ƙasan da ya ratsa Gagarawa ya kai Nguru a 1930 ya kawo cinikin gyaɗa, tare da bashi da zullumin haraji. Farin 1973 kuwa dattawa ba su gama ba da labarinsa ba. Jama'ar da ta ga wannan duka ba ta rasa sunan ciwon damuwa ba: ƙuncin zuciya, ko a ce tunani ya yi wa wane yawa.

Idan magidanci ya kasa barci, abinci ya fita ransa, ya riƙa zabura da dare alhali jikinsa lafiya lau, wurin malam akan nufa da shi, malaman wannan yanki kuwa magada ne na tsangayun Barno, inda ɗalibai ke tafiya gabas neman tilawa. Malam ba ya gaggawa. Yakan zaunar da shi a kan buzu cikin zaure, ya bar shi ya amayar da abin da ke cinsa, sa'an nan ya ɗauko allo da alƙalamin gamba da tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya rubuta Alam Nashraha ko Ayatul Kursiyyu ƙafa kaza, a wanke, a sha. Bayan haka sai tofi da murya ƙasa-ƙasa, da laƙanin da za a ja da carbi bayan Asuba da Isha'i, adadi ƙayyadadde, numfashi na bin lafazi har gaɓoɓi su saki. Abin da na fi lura da shi, wanda masu ba da labarin rubutun sha sukan tsallake, shi ne jawabin sallama: malam yakan tuna wa mutum irin masifun da ya riga ya haye, da haƙurin da aka san gidansu da shi, da tawakkalin mahaifinsa a shekarar fari, har ya tashi yana jin cewa rabin maganin tun can yana cikin ƙirjinsa.

Mata da yawa, musamman na kulle, wata ƙofa suka bi, ta bori, inda garaya da goge da girka ke fitar da abin da baki ya kasa faɗa. Malamai sun yi inkarin wannan ƙwarai, amma masu basira a cikinsu sun gane cewa hani kaɗai ba ya warkar da kowa. Domin haka Nana Asma'u ta Sakkwato, 'yar Shehu, ta wallafa Tabshirul Ikhwan a 1839, ta jera surori da fa'idojinsu ga mai tsoro da mai baƙin ciki da mai naƙuda. Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, sai dai ilimi bai san iyakar sarakuna ba.

Jinyar zaure tana da makamanciya a can Turai, inda wani likita Mesmer ya yi da'awar cewa wani sinadari ɓoyayye ne ke gudana daga hannunsa zuwa jikin majinyaci, har hukumar da Sarkin Faransa ya naɗa a 1784, wadda Benjamin Franklin ke ciki, ta yanke cewa babu sinadarin, tasirin daga wahamin majinyacin yake. James Braid na Manchesta, a littafinsa na 1843, shi ya daidaita al'amarin da sunan hifnotizim: a tattara hankalin mutum wuri ɗaya, a kwantar da jikinsa, a cusa masa magana mai ƙarfafa zuciya. Malamin zaure ba zai yarda a daidaita ayar Allah da wannan ba, ni ma ban daidaita su ba, gama shi ga Ubangiji yake jingina waraka. Amma da ma yana sharɗanta yaƙini, yana cewa mai shakka bai sha komai ba sai ruwan tawada.

Inda al'adar ta gaza shi ne taɓin hankali na sosai, wanda aka riƙa tarar sa da mari da bulala, abin da ba shi da hujja a shari'a ko a likitanci. Dakta Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro ta Abekuta tun 1954, inda ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Yau mutumin Gagarawa da ciwo ya tsananta masa akan kai shi asibitin Kazaure ko Dawanau a Kano, sau da yawa kuwa da gorar rubutu cikin kayan mai jinyarsa.