Charleston: Garin Da Ya Yi Soja Don Tsoron Bayinsa

Yau zan ɗan taɓo tarihin Charleston, wani gari na bakin teku a jihar Karolaina ta Kudu, can ƙasar Amurka. Mu da ke zaune a Legas mun san yadda tashar jirgin ruwa ke ciyar da gari. To ita tashar Charleston, a da mutane na cikin manyan hajojinta. Kusan kashi 40 cikin 100 na bayin da aka kai Amurka ta Arewa daga Afirka, a nan aka sauke su. Cikinsu har da wani malami Musulmi ɗan Futa Toro, Umar ibn Sa'id, wanda aka kawo a 1807, daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci.

Abin da na lura da shi, tarihin sojan garin nan duk a kan bayi yake. A 1822 aka zargi Denmark Vesey, wani kafinta da ya fanshi kansa da dala 600, da shirya tawayen bayi. Aka rataye mutum 35, har da shi, aka rushe cocinsu. Saboda tsoro, mahukunta suka gina ma'ajiyar makamai a tsakiyar gari. Ita ce ta zama makarantar soja ta Citadel a 1842. Ɗaliban makarantar ne suka harbi jirgin gwamnatin tarayya a Janairun 1861, yana kai kayan agaji sansanin Sumter da ke bakin tashar. Ranar 12 ga Afrilu sojan Kudu suka buɗe wa sansanin wuta na awa 34, yaƙin basasar Amurka ya fara ke nan.

Amma fa wanda ka raina shi kan ba ka mamaki. Da asubahin 13 ga Mayu 1862, wani bawa matuƙin jirgi, Robert Smalls, ya ɗauke jirgin sojan Kudu mai suna Planter da iyalinsa a ciki. Ya wuce ta gaban Sumter yana busa alamar da masu gadi suka sani, ya miƙa jirgin ga sojan Arewa. Bayan yaƙi har majalisar tarayya ya je. Da garin ya faɗi a Fabrairun 1865, baƙaƙen sojoji na cikin waɗanda suka fara shigarsa.

Ciwon bai warke nan da nan ba. Sai a 1966 Citadel ta karɓi baƙin ɗalibi na farko. A 2015 wani mai wariyar launin fata ya kashe mutum 9 a cocin Emanuel, magajin cocin su Vesey. A 2018 majalisar gari ta nemi afuwa kan cinikin bayi, a 2023 kuma aka buɗe gidan tarihi a daidai inda ake sauke su da.

Garin da ya ci dukiyar zalunci, kwana zai yi da bindiga a hannu. Allah Ya kiyashe mu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.