Daga Dutsen Niƙa Zuwa Faifan Mai Walda: Tarihin Abin da Ke Cin Ƙarfe

Shin ka taɓa tambayar kanka me ya sa ɗan faifan nan da mai walda ke ɗaura wa injinsa yake yanka rodi kamar ana yanka rake, alhali in ka taka shi da ƙarfi karyewa zai yi? Abu ne marar nauyi, mai arha, amma ƙarfe ba ya tsaya masa. Amsar tana cikin wani tarihi da ya haɗa mata masu niƙa, da magina tukwane, da wani mutum da ya je neman daimon ya dawo da abin da bai nema ba.

Ka ɗauki gari kamar Kambaza a ƙaramar hukumar Gwandu. Garin tuwon dare, da wuƙar mahauci, da laujen mai yankan shinkafa, da ƙofar ƙarfen da aka kafa wa sabon shago, kowannensu sai da aka goga shi a jikin wani abu da ya fi shi tauri. Wannan ita ce ƙa'idar gaba ɗaya: mai tauri shi ke cin marar tauri. A 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya karce wani. Kwaz, wato ƙwayar da ta fi yawa a cikin yashi, yana mataki na 7. Korandum yana na 9. Daimon ne a sama, na 10. Ƙarfen wuƙa irin ta gida bai kai kwaz ba, shi ya sa dutse mai yashi ke wasa ta.

Ilimin da ba a rubuta ba

Kafin injin niƙa ya shigo ƙauyukanmu, dutsen niƙa da ɗansa su ne masana'antar gari a kowane gida, har sai da niƙa ya samu waƙoƙinsa. A kan duwatsu irin na Kufena kusa da Zariya, har yau ana ganin ramukan da niƙan mutanen da suka shuɗe ya bari.

Akwai abu guda da duk macen da ta yi niƙa ta sani. In dutse ya daɗe yana aiki, fuskarsa kan yi sulɓi, sai hatsi ya riƙa zamewa ba ya niƙuwa. Maganinsa a ƙoda shi, wato a bubbuga fuskar da wani dutse mai tauri har kaushinta ya dawo. A idon injiniya, abin da ke faruwa shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke fuskar dutsen sun dakushe, ƙodar kuma ta fasa su ta fito da sababbi masu kaifi. Riƙe wannan a ranka, domin duk ƙirƙirar da za ta biyo baya kokawa ce da wannan matsala ɗaya.

Dutsen Allah yana da nasa aibin. Wani yanki ya fi wani tauri, kuma yana zubar da tsakuwa cikin gari. A gida, abin ya tsaya ga garas-garas a tuwo. A birnin Sheffield na Ingila kuwa, inda ake wasa wuƙaƙe da cokula masu yatsu a kan manyan duwatsu masu juyawa a ƙarni na 19, ƙurar dutsen ta riƙa cika huhun ma'aikata, da yawansu suna mutuwa da ƙuruciyarsu. Ga kuma ƙarfen masana'antu yana ta ƙara tauri. Abin da ya fi yashi ci a lokacin shi ne emari, wani baƙin dutse mai ɗauke da korandum, wanda ake haƙowa a tsibirin Naxos na ƙasar Girka da kuma Turkiyya. Matsalar ita ce yadda za a haɗe garinsa ya zama faifai mai ƙwari.

Sai da maginin tukwane ya sa hannu

A garin Worcester na jihar Massachusetts a Amurka, wani mai suna Franklin Norton yana da wurin gina tukwane da tuluna. Cikin ma'aikatansa akwai Sven Pulson, ɗan ƙasar Suwidin. A 1873 Pulson ya kwaɓa garin emari da yumɓu da ruwa, ya yi shi faifai, ya gasa a murhun tukwane. Da zafi ya kai, sai yumɓun ya narke ya zama kamar gilashi, ya riƙe kowace ƙwayar emari a mazauninta.

Ga inda hikimar take. In ƙwaya ta dakushe, tirjiyar da take sha tana ƙaruwa, sai ta ɓalle ta faɗi, wata mai kaifi da ke ƙarƙashinta ta fito. Ka ga kenan an samu dutsen da ke ƙoda kansa da kansa yana cikin aiki.

To amma sunan wa ya hau takarda? Norton ne ya karɓi takardar mallakar fasahar a 1877. Pulson ya bar wurin, a 1885 kuma wasu mutane suka sayi sashen faifan suka kafa kamfanin da ke ɗauke da sunan Norton. Kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya saye shi a 1990, sunan yana nan a jikin kayan gurza har gobe. Sunan Pulson kuwa sai mai tonon tarihi.

Mai neman daimon

Edward Goodrich Acheson ya yi aiki a ƙarƙashin Thomas Edison kafin ya koma cin gashin kansa. A 1891, a garin Monongahela na jihar Pennsylvania, ya zuba yumɓu da garin gawayin kwal a cikin kwanon ƙarfe, ya ratsa su da wutar lantarki mai ƙarfi, da fatan zai samu daimon. Da abin ya huce, sai ya ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli, masu taurin da ke karce gilashi. Ya ɗauka gawayin ne ya haɗu da korandum, don haka ya sa musu suna Carborundum. Ashe sinadarin silikon da ke cikin yumɓun ne ya auri gawayin. Sunan abin a kimiyyance silikon kabayid, kuma taurinsa ya ɗara na korandum.

Ranar 28 ga Fabrairun 1893 aka ba shi takardar mallaka mai lamba 492,767. Kayan haɗin ba su da wuya: yashi mai tsabta da gawayin kwal. Mai wuyar ita ce wuta, domin sai zafi ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Wannan ne ya sa a 1895 kamfanin ya tare kusa da magangarar ruwan Niagara, inda aka fara samar da lantarki mai yawa da arha.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1897 Charles Jacobs ya narkar da ƙasar bokzayit a murhun lantarki ya samu korandum na haɗi, wanda Norton suka sayi fasaharsa suka kira shi Alundum. A 1902 wasu mutum biyar a jihar Minnesota suka kafa kamfani don haƙar korandum, sai dutsen nasu ya zama ba shi ba ne. Da ƙyar suka tsira ta hanyar yin sanfefa, a 1921 kuma suka fitar da irin wadda ake gogawa da ruwa, bayan sun sayi fasahar daga hannun Francis Okie. Kamfanin shi ne 3M. A Disambar 1954 Tracy Hall na kamfanin General Electric ya cika burin Acheson, ya haɗa daimon a ɗakin gwaji. Sai dai daimon ba ya jimirin gurzar ƙarfe, don in zafi ya yi yawa ƙarfen kan shanye gawayin da aka yi daimon da shi. A 1957 Robert Wentorf, shi ma a can, ya haɗa wani sinadari na boron da naitirojin da ya toshe wannan giɓi.

Tangaran da ba na cin abinci ba

Waɗannan sinadarai ba su tsaya ga gurza ba. Su ne asalin abin da ake kira tangaran na masana'antu, wato ƙasa ko garin ma'adini da aka tace aka gasa don ya jure zafi, ko gogayya, ko lantarki. Farin ɓangaren fulogin babur ɗin ɗan kabu-kabu alumina ce, 'yar'uwar korandum. A cikin injin ban-ruwan da ke fadama akwai wani ɗan zobe na tangaran da ke hana ruwa yoyo ta jikin sandar da ke juyawa. Shi kuma silikon kabayid, tun a 1907 Henry Round ya lura yana ba da haske in an sa masa lantarki. Yau ana yin ƙananan na'urorin sarrafa wuta da shi a motocin lantarki da wasu injinan sola.

Mece ce takardar mallakar fasaha?

Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai ka bayyana yadda abinka yake dalla-dalla a rubuce, hukuma kuma ta hana kowa yin sa ko sayar da shi ba da izininka ba na wasu shekaru. In wa'adi ya cika, ilimin ya zama na kowa. A Amurka ta zamanin Acheson wa'adin shekara 17 ne, don haka tasa ta ƙare tun 1910. A Najeriya dokar 1970 ce ke aiki, wa'adinta shekara 20, kuma hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike wajen yin rajista. Sai dai ka sani, a tsarinmu mai rajista yana duba cikar takardu ne, ba ya tantance ko abin sabo ne da gaske. In gardama ta taso, kotu ce ke raba ta.

Ma'anar wannan ita ce, fasahar Pulson da ta Acheson da ta Jacobs duk a buɗe suke, kowa na iya karanta su kyauta a intanet. Ba doka ce ta hana mu yin faifan gurza ba.

To me ya hana?

Ba rashin ƙasa ba ne. Masana ilimin ƙasa sun raɗa wa wani babban shimfiɗin yumɓu da dutsen yashi da ya mamaye yammacin kwarin Sakkwato sunan Gwandu, kuma a kansa garuruwa da yawa na wannan yanki suke zaune. Akwai farar ƙasa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Hannun gini ma muna da shi: Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta nuna cewa gwanintar gargajiya na iya haɗuwa da murhu mai tsananin zafi.

Tazarar tana wurin wuta da awo. Gashin tukwanenmu a fili yawanci bai kai digiri 1,000 ba, faifai irin na Pulson kuwa yana neman wajen 1,200 ko fiye, kuma zafin ya tsaya daram na sa'o'i. Murhun Acheson lantarki yake sha ba dare ba rana. Muna da madatsar Kainji tun 1968, tafkinta har ya taɓo ƙasar Yawuri, amma mai walda a Kalgo ya fi kowa sanin sau nawa yake tayar da janareto a mako. Sannan kowane yumɓu sai an auna shi an san abin da ke cikinsa kafin a ce ya dace. Wannan aiki ne da ɗaliban kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta jiha da ke Aliero, da kwalejin Waziri Umaru za su iya farawa da ƙasar da ke bayan gidajensu.

Abin da ya shafi lafiyarka

Gurza ba ta taɓa tafiya ba ƙura. Farantan injin niƙa na zubin ƙarfe ne, suna cin juna, kuma masu bincike a Najeriya da Gana sun auna ɓurɓushin ƙarfe a garin da ke fitowa, musamman in an saka sababbin faranti ko an gama wasa haƙoransu. Shi ya sa ya kamata mai inji ya fara wuce da dusa ko ɗan hatsin da ba za a ci ba kafin ya karɓi niƙan mutane.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara. A 2010 aka gano cewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da irin injinan niƙan hatsi, har a cikin gidaje. Ƙurar ta kashe yara aƙalla 400. Injin da ya niƙa dutse kada ya sake ganin hatsi, kuma kada a yi wannan aiki inda yara ke wasa.

In kuwa kai mai walda ne, ko kana da ƙane a sana'ar, ka duba rubutun da ke jikin faifai kafin ka ɗaura. Harafin A na nufin alumina, ta aikin ƙarfe. Harafin C na nufin silikon kabayid, na dutse da kankare. Lambar da ke biye tana nuna girman ƙwaya: in ta yi sama, ƙwayar ta fi laushi. Akwai iyakar gudun da faifan zai iya ɗauka, kada injinka ya wuce ta. Siraran faifan yanka da wani irin ƙaro na haɗi ake ɗaure ƙwayoyinsu, kuma yana lalacewa in ya daɗe ko ya sha danshi, shi ya sa kamfanoni da yawa ke buga ranar ƙarewar aiki a zoben tsakiya. Kada a cire murfin kariya don a ji daɗin aiki. A sa tabarau, a rufe hanci, in dutse ko tayil ake yankawa a jiƙa shi da ruwa. Ƙurar yashin da ta cinye huhun mutanen Sheffield ita ce dai ke tashi a bakin shagunanmu, kuma in ta zauna a huhu ba ta da maganin da ke fitar da ita.