Lokacin da teku ya kwanta a ƙasar Sakkwato da Kabi

Jama'a, tunda ana ta maganar neman man fetur a Kwarin Sakkwato, bari mu ɗan koma tarihi, amma tarihin da ya girmi Kanta da Surame nesa ba kusa ba.

Jega da Aliero da Maiyama suna gefen kudu na wani ƙaton kwari da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya ratsa Nijar har Mali. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, teku ya shigo kwarin nan daga arewa, ya janye, ya sake dawowa. Shaidarsa na nan a ƙasa. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina, ɓawon halittun ruwa ne da suka taru. A wajen Goronyo kuma an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku, har masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972.

To ta yaya ake gane siffar tekun da ba wanda ya gani? Da karatun shimfiɗun ƙasa. Laka mai laushi tana kwantawa a ruwa natsattse. Tsakuwa da yashi mai gautsi aikin gulbi ne, kuma yadda layukan yashin suka karkata shi ke nuna inda ruwan ya nufa. Duk wanda ya lura da gaɓar Gulbin Zamfara a Jega bayan damina ya ga ƙaramin misalinsa. Farfesa Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekarun 1970 yana bin waɗannan shimfiɗu.

Abin da karatun ya nuna shi ne tekun namu bai yi zurfi ba. Wannan ne masu zumuɗin mai ba sa son ji. Rijiyar Bonga, wadda ta fara aiki a 2005, tana ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, inda yashin Neja ya riƙa gangarawa gindin teku yana binne laka mai kauri sosai. Namu shimfiɗun sirara ne, sai an doshi iyakar Nijar suke ƙara kauri. Ni dai ban hana a bincika ba, amma ba zan sa rai ba.

Abin da muke da tabbacinsa ruwa ne. Bayan teku ya tafi, gulabe suka zuba yashi da laka a kai, shimfiɗar da ake kira ta Gwandu, kuma yashin nan yana riƙe ruwa mai yawa. Daga irinsa ake shayar da albasar Aliero. Yau kowa na haƙa burtsatse, mai injin ya kwashe kayansa ya tafi, ba a rubuta a mita nawa aka tarar da laka, a nawa aka sami ruwa. A ofis na sha neman irin wannan takarda a fayil, wallahi da ƙyar ake samun ɗaya.