Tsadar Jinyar Haƙoran Mage a Birnin Kano: Nazari daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abubuwan da ke sa jinyar haƙoran mage tsada a Kano, ta ɗauki Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a matsayin farfajiyar nazari. An warware kuɗin jinyar kashi-kashi, aka auna kowane kashi da halin tattalin arzikin da aka shiga tun daga 2023. Binciken ya gano cewa nauyin kuɗin yana kan sa barci da ɗaukar hoto da kayan da ake shigowa da su daga waje, kuma jinkirin kai mage asibiti ne ke ninka shi. Maƙalar ta kafa hujja cewa matsayin mage a gidan Bahaushe, dabbar da ake ƙauna amma ba a yi mata kuɗi, shi ne tushen wannan jinkiri.

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar hukumar Tarauni na cikin ƙwaryar birnin Kano. Tana da mazaɓu goma, biyu daga ciki Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 220,000. Yanki ne da ya haɗa ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da mazauna rukunin gidajen Kundila da masu ƙananan sana'o'i a kasuwar Tarauni da Unguwa Uku. Wannan cakuɗa ce ta sa aka zaɓe shi. A layi ɗaya ana samun magen gida mai farautar ɓera tana cin ragowar tuwo, a kuma sami magen Farisa mai dogon gashi da aka saya da kuɗi mai kauri ta Instagram. Bakinsu duka yana ciwo, amma hanyarsu zuwa wurin likita ba ɗaya ba ce.

2.0 Hanyar Bincike

An dogara da rubuce-rubucen likitancin dabbobi da ƙa'idojin ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, waɗanda ta fitar kan haƙori a 2017, da kuma lura da yadda ake riƙon mage a unguwannin biyu. Da gangan aka fifita tsarin farashi a kan adadin naira, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin magani ba ya kwana wuri ɗaya, amma abubuwan da ke haɗuwa su zama farashin suna nan yadda suke.

3.0 Cutukan da Ake Biya Domin Su

Ɗan mage yana da haƙoran nono 26, babba kuma 30, waɗanda kan kammala fitowa wajen wata shida. Cibiyar lafiyar mage ta Jami'ar Cornell a Amurka ta ruwaito cewa kashi 50 zuwa 90 cikin ɗari na magunan da suka wuce shekara huɗu suna ɗauke da wani nau'in ciwon haƙori. Uku ne suka fi yawa.

Na farko ciwon dasashi. Dauɗa ce ke taruwa a gindin haƙori, ta daskare cikin kwanaki ta zama kamar dutse, dasashi ya kumbura ya yi ja. Idan aka kama shi a nan, yana warkewa sarai. Idan ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙorin, ba ya komawa.

Na biyu zaizayar haƙori, wadda masu mage kan ɗauka tsutsa ce irin ta mai shan zaƙi. Ba haka ba ne. Kogon haƙori irin na mutum ba kasafai yake kama mage ba. Ƙwayoyin halittar jikinta ne ke cinye haƙorin, sau da yawa daga wuyansa ko saiwarsa, inda ido ba ya kaiwa. Cika ramin ba ya tsayar da ita, sai cirewa.

Na uku shi ne mafi muni, kumburin baki gaba ɗaya har zuwa kusa da maƙogwaro, wanda ake dangantawa da ƙwayar cutar kalisi mai haddasa murar mage da kuma cutukan da ke karya garkuwar jikinta. Mage mai wannan ciwo takan zo wurin abinci da yunwa, ta ɗauki loma ta saki da kuka, yawu na dalala, gashinta ya cukurkuɗe saboda ta daina lasar jiki. Binciken Philippe Hennet na 1997 kan maguna 30 ya nuna cewa bayan cire haƙora kashi 60 sun warke, kashi 20 sun sami sauƙi sosai. Wato maganin da ya fi aiki shi ne kuma mafi tsada.

4.0 Inda Kuɗin ke Tafiya

Mutum yakan zauna a kujerar likitan haƙori ya buɗe baki da kansa. Mage ba ta yi. Duk aikin da ya wuce leƙawa sai an sa ta barci, kuma ƙa'idojin WSAVA sun ƙi amincewa da kankare haƙori ba tare da sa barci ba, domin cutar tana ƙarƙashin dasashi ne, saman da aka goge ya yi fari yaudarar ido ce kawai. Daga nan lissafi ke farawa. Mage mai shekaru tana buƙatar gwajin jini tukuna, saboda ciwon ƙoda ya yawaita a tsofaffinsu, kuma ƙoda mai rauni ba ta jure kowane magani. Allurar ketamin da zailazin, wadda aka fi sabawa da ita a asibitocinmu, ta fi araha. Iskar sa barci ta aisofuloren ta fi dacewa da aiki mai tsawo, amma tana tafe da na'ura da tukunyar iskar oksijin da bututun da ake zura wa maƙogwaro don kada ruwan wanki ya shiga huhu, da kuma mutum na biyu da aikinsa kawai lura da numfashi.

Sai hoton haƙori. Wani bincike da Frank Verstraete da abokan aikinsa suka wallafa a 1998 daga Jami'ar Kalifoniya ta Davis ya gano cewa a kusan kashi 42 na magunan da aka ɗauka, hoto ya tono muhimmiyar cuta a haƙoran da ido ya wanke. Na'urar wannan hoto daban take da wadda ake duba karaya da ita, kuma asibitin da mage ke shigowa jefi-jefi zai daɗe bai mayar da kuɗinta ba. Rashinta kuma yana da nasa farashin: a bar guntun saiwa a ciki, ciwo ya dawo, a sake biyan kuɗin barci daga farko.

Cirewar kanta aikin tiyata ne. Babban haƙorin yanka na sama yana da saiwa uku, sai an raba shi da injin kafin a fitar da kowace ɗaya. Muƙamuƙin mage na ƙasa siriri ne, saiwar fiƙa ta cinye mafi yawan kaurinsa, hannu marar ƙwarewa na iya karya shi. Saboda haka likita ba ya lissafi da yawan haƙora kawai, yana lissafi da lokacin da dabbar za ta yi a kan tebur.

Kusan duk kayan wannan aiki, daga zaren ɗinki zuwa bakin injin, da dala ake sayo shi. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a farashin hukuma kafin a saki darajar naira a Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. An janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar rukunin masu samun wuta mafi yawa, wato Band A, naira 225 kan kowane ma'auni. Asibitin da zai sa dabba barci ba zai jingina da wutar kamfanin lantarki na KEDCO ita kaɗai ba, dole janareta ko sola. A ɗaya ɓangaren, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba. Magidancin da ke jin nauyin cire nasa haƙorin ba za a zarge shi da rashin tausayi ba idan ya yi jim a kan na mage.

5.0 Dabbar da Ba a Yi wa Kuɗi

A nan ne marubucin ke ganin jijiyar matsalar take. Tsarin likitancin dabbobi a Arewa an gina shi ne a kan dukiya. Cibiyar bincike ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta taso ne don yaƙar bushiya mai kashe shanu. Asibitocin dabbobi na gwamnati irin na Gwale da Kundila sun fi cika da tumaki da awaki da kaji, kuma mai rago yana biya ba gardama domin ya san abin da ragon zai kawo da Babbar Salla. Mage ba ta cikin wannan lissafi. Kyauta ake bayar da ita, ko ta shigo gida da ƙafarta ta zauna. Malamai ma sun yi saɓani kan cin kuɗinta, saboda hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, ko da yake mafi yawansu sun halatta.

Amma addinin da ya sa aka yi taka-tsantsan da farashinta bai sassauta kan haƙƙinta ba. Kowane ɗan Islamiyya ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha. Mage mai ruɓaɓɓen baki, abinci na gabanta ta kasa ci, ita ma yunwar ce ke kashe ta. Ga shi ɗabi'arta ce ɓoye ciwo. Sai ta koma tauna da gefe ɗaya, ko ta haɗiye ba tauna, mai gida bai lura ba. Lokacin da wari da rama suka bayyana, aikin da zai tsaya a wanki ya zama tiyata.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne matakin da ake ɗauka kafin asibiti. Kemis ya fi kusa, farasitamol kuma yana cikin kowane gida. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da shi, ƙwaya ɗaya na iya lalata jininta, fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, ta mutu. Ibufurofen yana kashe mata ƙoda. Man goge bakin mutane shi ma bai dace da ita ba. Akwai wani haɗarin a kan mai magen: dalalar yawu da ta zo farat ɗaya tare da sauyin hali na iya zama ciwon haukan kare, don haka kada a cusa hannu a bakin irin wannan mage, a kira likita.

6.0 Abin da Zai Rage Nauyin

Mataki mafi araha shi ne ɗaga leɓe. Duk magen da aka kawo rigakafi, a duba bakinta a wannan zuwan, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Masu magen Farisa su fi kowa kula, domin gajeren muƙamuƙinta na cunkusa haƙora, kuma a saba wa ɗan mage da buroshi tun yana ƙarami. Likitoci su riƙa rubuta kiyasi kashi-kashi kafin aiki, ta yadda mai dabba zai ga kuɗin barci daban, na cirewa daban, ya fahimci cewa haɗa aikin a zama ɗaya ya fi sauƙi a kan rarraba shi.

Na'urar hoto kuwa ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti guda, amma ba ta fi ƙarfin jami'a ba. Kano tana da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Bayero, Zariya kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Ana kira ga waɗannan cibiyoyi da gwamnatin jihar Kano su samar da wurin ɗaukar hoton haƙori ko da guda ɗaya ne a birnin, wanda likitocin Titin Zariya da Titin Gidan Zu za su riƙa tura maguna, sannan a yi amfani da gidajen rediyon Kano a faɗa wa jama'a da Hausa cewa farasitamol guba ne ga mage.