Tarihin Binciken Zamantakewa a Karkarar Kano

Karkarar Kano, wato ƙauyukan da suka kewaye birni har zuwa Gezawa, Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, ta daɗe tana jan hankalin masu nazarin zamantakewa. Tarihin wannan nazari ya nuna cewa abin da mai bincike ya samo yana bin hanyar da ya bi, da kuma mutanen da suka yarda su yi magana da shi. Mas'alar da Max Weber ya tayar a 1904, ta ko masani zai iya raba bincikensa da ra'ayinsa, a nan ana ganinta ƙuru-ƙuru.

Ƙidaya ta farko ta haraji ce. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an fito da malaman taki, masu auna gonaki da ƙafa don a yanka wa kowa kuɗin da zai biya. Tun daga nan manomi ya san baƙo mai takarda da alƙalami ba ya zuwa a banza, sai ya koyi rage dammunan gero da yawan awaki idan an tambaye shi. Duk wanda ya zo daga baya da takardar tambayoyi ya gaji wannan zargi, ko ya sani ko bai sani ba.

A 1965 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da J. Wilson, suka wallafa nazarinsu kan ƙasa da jama'ar wannan yanki. Hanyar Mortimore ta masanin labarin ƙasa ce: taswira, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ƙirga itatuwa, da bin jakunan da ke kai itace birni su dawo da shara da kashin dabbobi. Abin da ya gani shi ne manoma masu dabara, waɗanda ke riƙe da ƙarfin ƙasarsu duk da cunkoso, kuma aikin da aka yi a Tumbau ta ƙasar Gezawa a shekarun 1990 ya ƙarfafa hakan. Polly Hill kuwa hanyar gida-gida ta bi. A Batagarawa ta Katsina, a 1967, ta sa mutanen gari da kansu suka kasa magidanta kashi huɗu, gwargwadon yadda kowa zai iya jure ƙarancin amfanin gona. Da ta zo Ɗorayi ta Kano a farkon shekarun 1970, sai ta tarar da manyan gidaje masu tarin gonaki a gefen magidantan da ba su da ko taƙi ɗaya, suna rayuwa da ƙwadago. Littafinta na 1977 labarin talauci ne. Ita ce kuma ta nuna cewa matan kulle na gudanar da babban ciniki daga cikin gida ta hannun 'yan talla, abin da namiji mai tsayawa a zaure ba zai taɓa sawa a lissafi ba.

Wani zai ce tunda masana biyu sun dubi yanki ɗaya sun fito da hoto biyu, ai binciken zamantakewa ra'ayi ne kawai. Wannan magana ba ta tsaya ba. Mortimore ƙasa ya tambaya ko ta gaji, Hill kuwa ta tambayi wa ke cin amfaninta, kuma gona tana iya yin albarka alhali mai yi mata noma yana kwana da yunwa. Kowannensu ya bayyana yadda ya auna, har wani zai iya komawa ya gwada. Iyakar abin da ake nema ga mai bincike ke nan.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: yawancin waɗannan ayyuka baƙi ne suka yi su, da Turanci, ta bakin tafinta da mataimaka Hausawa da ba kasafai ake jin sunansu ba. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Yusufu Bala Usman ya yi irin wannan gargaɗi kan rubutun matafiyin nan Heinrich Barth, cewa a san wanda ya ba matafiyi labari kafin a gaskata shi. Sai dai zama ɗan gida bai wanke kowa ba. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ya shiga ƙauye ta ƙofar dagaci, waɗanda dagaci ya zaɓa zai gani, kuma kunya za ta hana shi tambayar dattijo bashin da ake bin sa ko gonar da ya jinginar.