Garin kaboyi na Tabarnas: Amurkar da ke ƙasar Andalus

Duk wanda ya taɓa shiga gidan sinima a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram a shekarun 1970 ya san wannan gari, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba: hanya guda mai ƙura, banki, mashaya, kurkuku, da gungumen rataye mutane a dandali. Mun ɗauka Amurka muke kallo. Ashe wurare da yawa da muka gani a finafinan Sergio Leone suna ƙasar Sipaniya ne, a hamadar Tabarnas, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Almeriya.

Garin yana nan har yau, sunansa Oasys MiniHollywood. Baƙo yakan sayi tikiti ya shiga, ya zagaya, ya leƙa ɗakunan da aka adana tsofaffin na'urorin sinima da kekunan doki. Idan lokacin wasa ya yi sai ƴan fashi su afka wa banki bisa dawaki, a yi harbe-harbe da harsashin banza, wani ya faɗi ya mutu, jim kaɗan ya tashi ya kaɗe rigarsa a yi hoto da shi. An ma haɗa wa wurin gidan namun daji, abin da a ganina ya rage masa kwarjini. Amma wanda ya je neman tarihi, sai ya bar dandali ya zagaya bayan gine-ginen.

An gina garin a 1965 domin fim ɗin "Et pour quelques dollars de plus", kamar yadda muka san sunansa da Faransanci. Carlo Simi, mutumin Italiya, shi ya zana shi, ya kuma tsaya a matsayin garin El Paso. Dalilin zuwan ƴan fim wannan lungu a fili yake. Ruwan sama da wuya ya kai milimita 250 a shekara, saboda haka rana ba ta yanke wa mai ɗaukar hoto. Tsaunuka da busassun koramu sun yi kama da na iyakar Amurka da Meziko. Uwa uba, ƙwadago yana da arha. A zamanin mulkin Janar Franco, wanda ya ƙare da mutuwarsa a 1975, Almeriya tana cikin larduna mafiya talauci, samarinta suna tafiya cin rani Barsalona da Faransa da Jamus. Waɗanda suka rage su ne suka zama masassaƙa da masu kiwon dawakin fim. Su ne kuma taron jama'ar da ake gani a bayan Clint Eastwood, an sa musu malfa an ce ƴan Meziko ne. Ba safai sunayensu ke fitowa a allo ba.

Daula ba ta daɗe ba. A 1968 Leone ya fitar da "Il était une fois dans l'Ouest", wanda gidan gonar da aka gina dominsa ke nan kusa, ana kiran wurin Western Leone. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kasuwar finafinan kaboyi ta faɗi, kamfanoni suka kwashe kayansu. Katako kuwa ba ya jure rana da iska, wurare da dama suka rushe. Wannan garin ya tsira ne domin wasu daga cikin ƴan taron nan sun karɓe shi, suka shiga nuna wa baƙi abin da a da suke yi a gaban na'ura. Wato abin da aka adana a Tabarnas ba tarihin Amurka ba ne, tarihin talakan Andalus ne da hanyar cin abincinsa.

Malamanmu za su so su tuna cewa a shekarun nan ne mu ma muka yi namu. A 1966 Moustapha Alassane ya shirya "Le Retour d'un aventurier", labarin saurayin da ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka hana ƙauye sakat. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin ƴan wasan. Leone ya ari kaboyi ya kai shi Andalus. Alassane ya kawo shi gida, ya nuna ɓarnar da kwaikwayo ke yi idan ya shiga kan matasa. Shi bai gina garin katako ba, dajinmu da ƙauyenmu suka ishe shi. Ya yi zamansa a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. Gidajen sinimar da muka kalli kaboyi a cikinsu kuwa, akasarinsu sun daɗe da rufewa.