Gyara da Tabbatar da Gyara: Tarihin Ɓarakar Bash ta 2014

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba abin da ya auku ga wata manhaja mai suna Bash, domin mu ga ratar da ke tsakanin yin gyara da tabbatar da shi.

Ita Bash manhaja ce da ke karɓar umarni ta zartar. Brian Fox ne ya fito da ita a 1989 a ƙarƙashin shirin GNU, kuma rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa. Ɗimbin kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet sun dogara da ita. To, tun a wannan shekara ta 1989 wani kuskure ya shige ta: idan wata manhaja ta miƙa mata bayani mai wata siga, sai ta zartar da duk umarnin da aka liƙa a ƙarshensa. Wato baƙo daga nesa yana iya juya kwamfutar da ba tasa ba.

Shekara 25 kuskuren yana kwance, sai a Satumbar 2014 Stéphane Chazelas ya gano shi, ya sanar da Chet Ramey, mai kula da Bash. Ran 24 ga watan aka bayyana ɓarakar, wadda aka laƙaba wa Shellshock, tare da gyaranta da wani gwaji mai layi ɗaya. Kwamfutar da aka gyara takan ci gwajin, mai ita ya sami natsuwa.

Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Cikin 'yan sa'o'i Tavis Ormandy na Google ya sauya sigar bayanin, ya nuna cewa da sauran ƙofa. Michał Zalewski kuma ya yi ta cusa wa manhajar bayanai barkatai har wasu kurakuran suka fito. Jimilla aka lissafa shida. Dalili kuwa shi ne gyaran farko ya toshe misalin da aka sani ne kurum, alhali Bash tana ci gaba da sauraron kowane baƙo. Florian Weimer na Red Hat ne ya nufi tushen: ya sa sai bayani ya zo da wata alama ta musamman a sunansa, wadda na waje ba ya iya sanyawa, kafin Bash ta kula shi. Ramey ya karɓi wannan gyara kafin watan ya ƙare.

Saboda haka, jama'a, cin gwajin wanda ya yi gyara ba ya isa hujja, domin abin da ya riga ya sani kaɗai ya gwada. Sai wasu sun yi iya ƙoƙarinsu su karya gyaran sun kāsa, sa'an nan a ce ya tabbata. Buɗaɗɗen rubutu bai hana kuskuren ɓuya shekara 25 ba, amma shi ya ba su damar binciken gyaran cikin kwanaki.